Yadda Masana Ke Auna Darajar Tsofaffin Sulalla

 

An nemi in yi bayani a kan yadda masu tara tsofaffin kuɗin ƙarfe suke auna su har su yanka musu farashi. Harka ce da ta kafu a Turai da Amurka, tana da dillalanta da gidajen gwanjonta da ƙa'idojinta. Amma mu ma ta shafe mu, domin da wuya ka shiga tsohon gida a ƙasar Hausa ka rasa anini ko kwabo mai huji ko sule a ƙasan adakar kaka. Wasu na ɗaukarsu tarkace, wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin cewa kowane tsohon kwabo miliyoyi ne. Duka biyun rashin sani ne ya jawo.

Abubuwa uku ne ke sa ƙwandala ta yi tsada: ƙarancinta, lafiyar jikinta, da yawan masu nemanta. Tsufa shi kaɗai ba ya cikin lissafi.

Mu fara da ƙaranci. A 1933 Amurka ta buga kuɗin zinariya mai darajar dala 20 har guda 445,500. Kafin a sake su, shugaba Roosevelt ya janye zinariya daga hada-hadar jama'a, aka narkar da kusan dukkansu. Guda ɗaya ta faɗa hannun Sarki Faruk na Masar, kuma ita kaɗai ce doka ta yarda wani mutum ya mallaka. A 2021 aka yi gwanjonta a New York a kan kusan dala miliyan 19, alhali shekarunta ba su kai 90 ba. Haka nan a Landan, a 2019, an sayar da wani dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira a kan fam miliyan 3.72. Nauyinsa giram 4 da ɗoriya ne kawai. Rubutun da ke jikinsa, wanda ya nuna an haƙo zinariyarsa daga ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz, shi ne ya ɗaga shi, domin irinsa 'yan kaɗan ne suka rage.

Yanzu ku dubi na gida. Sarkin Ingila Edward na Takwas ya hau mulki a 1936, ya sauka a Disambar wannan shekara. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba, shi ya sa aka sayi wani fam na zinariya na gwaji mai hoton nasa a kan fam miliyan 1 a 2020. Amma a nan Afirka ta Yamma an buga kwabo da ɗari da anini masu sunansa da yawan gaske. Sarki ɗaya, shekaru kusan ɗaya, sai dai namu suna nan birjik, don haka farashinsu bai taka kara ya karya ba. Kwanan wata ma yakan yi ruɗi. Azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Borno har Hijaz, 1780 ake rubuta mata ko yaushe aka buga ta, kuma an buga ɗaruruwan miliyoyi.

Sai lafiyar jiki, kuma a nan ne aikin masana yake. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fitar da ma'auni mai hawa 70 domin tsofaffin santocin tagulla na ƙasarsa. A lissafinsa, ƙwandala mai maki 70 ta ninka mai maki 1 sau 70 a farashi. Kasuwa ta daɗe da rushe wannan lissafi, amma ma'aunin ya zauna. Maki 1 na wadda ta suɗe ne har da ƙyar ake gane irinta. Daga 12 zuwa 35, ta ci hannu amma zanenta ya fito. Daga 50 zuwa 58, hannu ya ɗan taɓa ta. Daga 60 zuwa 70 kuwa na waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba ne, kuma 70 sai wadda ko an ninka girmanta sau 5 da gilashi ba a ganin aibi.

Kamar yadda dillalin doki yake buɗe baki ya duba haƙori kafin ya saurari kirarin mai shi, haka mai auna sulalla yake yi. Yakan riƙe ƙwandala ta gefe, yatsa ba ya taɓa fuskarta. Ya kai ta ƙarƙashin fitila guda, ya karkata ta, ya juya a hankali. Idan sabuwa ce, haske zai riƙa zagaya fuskarta ba yankewa, domin bugun inji yana barin wasu siraran layuka da ido ba ya gani. Inda hannu ya goge su, hasken sai ya mutu. Daga nan ya dubi wuraren da suka fi tudu, domin su ke fara suɗewa. A sulenmu na zamanin Turawa, kumatun sarki da kambinsa ne a gaba, ganyen bishiyar kwakwar manja a baya. Sannan ya nemi karce da lotsawa, ya duba ko bugun ya zauna sosai, ya auna nauyi don gudun jabu. Yakan kuma nemi ƙaramin harafin masana'anta: H na kamfanin Heaton ne, KN na King's Norton, duka a Birmingham. Shekara ɗaya da harafi dabam na iya zama farashi dabam.

Da can mai sayarwa ne ke faɗin makin hajarsa, ai kuwa kowa gwani ne wajen yabon abinsa. Wannan ya sa aka kafa kamfanonin tantancewa a Amurka, PCGS a 1986, NGC a 1987. Masana fiye da ɗaya ne ke duba kowace ƙwandala, sannan a rufe ta cikin roba mai ƙarfi da makinta da lambarta. Duk da haka hukuncin ɗan Adam ne, kuma a saman ma'aunin maki ɗaya tal na iya ninka farashi.

Jama'a, ga abin da ya fi damuna. Idan mutuminmu ya tsinci tsohon sule, abu na farko da yake yi shi ne ya nemi toka ko lemon tsami ya dirje shi har ya yi ƙyalli. A wurin masana, wannan ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Duhun da shekaru suka ɗora wa ƙarfe shaida ce, suna son ganinsa. Ƙwandalar da aka wanke ko aka huda ko aka liƙa wa maratayi, kamfanonin nan ba sa ba ta maki, sai dai su rubuta aibinta a jikin robar.

Na ukun, wato masu nema, shi ne dalilin da ya sa kuɗin Amurka suka fi namu tsada: suna da dubban masu tarawa da littattafai da ƙungiya tun 1891. Mu kuwa mun bar namu ga maƙera suna narkarwa. Alhali aninin 1907, mai rubutun Larabci a jikinsa, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da alminiyam, kuma shi da kwabo ne suka raba kakanninmu da kuɗin wuri.

Don haka ina roƙon ku: wanda ke da irin waɗannan kuɗi kada ya wanke su, kada ya huda su. Ya naɗe kowanne dabam a wuri busasshe, ya rubuta shekararsa da wanda ya gada daga wurinsa. Kada ya sayar sai ya bincika, kada kuma ya biya wani kuɗin gaba don an yi masa alkawarin miliyoyi. Ɗalibanmu na tarihi su ziyarci gidan adana kuɗi na Babban Bankin Nijeriya da ke Abuja, su ɗauki wannan fage da muhimmanci, domin idan ba mu san darajar kayanmu ba, wani ne zai yanka mana farashi.

 Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.