AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yaya Mai Ƙunshi Za Ta Kare Hannunta Daga Rini?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga Haɗeja ta Jihar Jigawa, daga wata baiwar Allah mai sana'ar yi wa amare ƙunshi. Ta ce da an cire shinkafa a fadama bukukuwa sun kankama, ana ɗaukarta har Auyo da Kafin Hausa da Malam Madori. To amma yatsunta da faratanta sun yi baƙi ƙirin, kwanan nan kuma sun fara ƙaiƙayi. Tana tambaya, me za ta wanke hannun da shi, kuma yaya za ta hana shi rinewa?

To, Malama, mun gode da wannan takarda. Amsar a taƙaice ita ce, wannan rini ba dauɗa ba ce da sabulu zai fitar. Maganinsa a tare shi tun kafin ya taɓa fata. Bari mu faɗi dalili.

Ganyen lalle yana ɗauke da wani sinadari da masana ke kira lawson. Idan aka kwaɓa lalle aka ɗora a jiki, wannan sinadari yakan shiga ya kama keratin, wato abin da aka gina saman fata da farce da gashi da shi. Da ya kama, shi ke nan, sai fatar ta saɓule da kanta, cikin mako biyu zuwa huɗu. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kauri, shi ya sa lalle ya fi ja a nan. Farce kuwa ba ya saɓulewa. Yana tsiro ne kamar milimita 3 a wata, don haka sai ya yi kusan wata shida kafin sabo ya maye gurbin wanda ya rine.

Wannan ke nan game da jan lalle, wanda iyayenmu suka saba ƙunsawa da ganye da zunguru, kuma da wuya ya cutar da babban mutum. Amma ke kin ce baƙi, kin kuma ce ƙaiƙayi. A nan ne muke so ki buɗe kunne. Lalle na gaskiya ba ya baƙi cikin rabin sa'a. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, galibi rinin gashi ne mai sinadarin da ake kira PPD a taƙaice. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun ƙayyade shi a man rinin gashi, kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa.

Illarsa ita ce, yau da gobe jiki yakan tsane shi. Mace na iya shekaru tana aiki da shi lafiya lau, rana ɗaya sai hannu ya yi ja, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa. Idan jiki ya kai nan, yawanci ba ya komawa daidai. Ko ɗan kaɗan ya taɓa ta, ciwon zai tashi. Ita amarya sau ɗaya za a yi mata, ke kuwa kullum hannunki na ciki. Kin ga abin da ke cikin hatsari ba kyan hannu kaɗai ba ne, har da sana'ar da kike ci da ita.

To, ina mafita? Da farko, ki sa safar hannu tun lokacin kwaɓi, domin a nan ne hannu ya fi ɗiba. Ki nemi irin ta naitiril, wadda galibi shuɗiya ce, a shagunan sayar da magani. Ta fi farar nan ta lateks tare wannan sinadari. Ki zaɓi wadda ta kama hannunki sosai, don kada ta hana ki fitar da zane. Kuma sau ɗaya ake sa ta. Kada ki wanke ki maimaita, kada kuma ki juya ta, don kin mai da rinin ciki ke nan.

Na biyu, ki yanke farce, ki cire zobe, ki shafa man basilin a gefen farce da wuyan hannu inda safar ta tsaya. Wannan dabara ba a nan kaɗai ake yin ta ba. A Turai da Amurka akwai shagunan da ake fesa wa farar fata wani ruwa mai sinadarin DHA don jiki ya yi duhu na kwanaki. Mai fesawa takan sa safar hannu, ta kuma shafa wa mai zuwa mai a tafin hannu da farce don kada wurin ya rine. Amma ki sani, mai yana rage rini ne kawai, ba ya maye gurbin safa.

Na uku, ki kwaɓa da cokali ko tsinke a mazubi na musamman, ba kwanon abinci ba. Ki ɗaure bakin ledar zane da kyau don kada ta yi yoyo. Ki ajiye tsumma mai laima kusa, abin da ya ɗiga ki goge nan take, ki wanke da sabulu.

Game da rinin da ya riga ya kama, sai haƙuri. Kada ki kuskura ki sa bilic ko kananzir ko fetur, ko ki goge da dutse. Za su tsaga fata, musamman a hunturu da hannu ke kaushi, kuma ta tsagar ne sinadarin ya fi shiga. Ruwan ɗumi da sabulu da man kaɗanya sun isa. Ƙaiƙayin nan kuwa, ki ajiye dayis tukuna, ki je Babban Asibitin Haɗeja a duba, ki tafi da kwalin abin da kike aiki da shi likita ya gani.

Kafin mu rufe, ga gargaɗi biyu. A ɓoye dayis daga yara. A birnin Hartum na Sudan, likitoci sun ba da rahoto a 1992 game da yara 31 da wannan guba ta kwantar tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka rasu. Duk wanda fuskarsa ko wuyansa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti. Sannan kada a yi wa jarirai lalle, ko da ja ne, domin yakan farfasa jinin yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD.

Da fatan mun amsa miki, Malama. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba da lafiya. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da takardu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.