Wasan Waya da Hankalin 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a zaman wa'azin wata-wata a Toranke, Ƙaramar Hukumar Ajingi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, malaman usulu sun lissafa abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta kare su: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. In an ce kare hankali, giya da ƙwaya muke tunawa, alhali wata ɓarnar tana cikin aljihun yaro.

Wanda duk ya bi ta wurin masu cajin waya bayan Isha'i ya ga samari sun duƙufa a kan Free Fire ko PUBG, ko sallama ba su amsawa. Yaro ya kwana yana harbi a waya, Asuba ta wuce shi, a gona gyangyaɗi, a Islamiyya hadda ta ƙi zama. Ranar da data ta ƙare kuwa, har mahaifiyarsa sai ya ɗaga wa murya.

Ba mu ce kowane wasa haramun ne ba, domin haramtawa sai da dalili. Amma da zarar an sa kuɗi don a ci ko a cinye, ya zama caca, kuma hukuncinta yana aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Wanda babu kuɗi a cikinsa, da illarsa ake auna shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan cikin jerin cututtuka, ta kuma ba da alamomi uku: mutum ya kasa dainawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da ya ga cutarwarsa, galibi tsawon wata 12. Ƙasar Sin ma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako.

Tunda cuta ce, bulala ba ta warkar da ita, kuma kada mu yi gaggawar ɗora wa aljanu. Uba ya karɓi wayar da dare cikin lalama, ya ajiye tasa ma, don yaro yana ganinsa a Facebook. Idan yaro ya ƙaurace wa mutane, ya daina cin abinci, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, a haɗa addu'a da kai shi Babban Asibitin Gaya ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ba tare da jin kunyar maƙwabta ba.