Zaɓen Na'urar Hangen Nesa Mai Kwamfuta: Ina Ya Kamata Kuɗinmu Su Tafi?

(Jawabin da kwamitin kayan aiki na ƙungiyar masu sha'awar ilmin taurari ya gabatar a babban taron 'yan ƙungiya)



An ɗora mana nauyin mu bincika, sa'an nan mu ba da shawara a kan irin na'urar hangen nesa da ta kamata ƙungiyar nan ta saya. Kuɗin da ke cikin asusunmu karo-karo ne, daga guzurin ɗalibai da albashin ƙananan ma'aikata, kuma ba za su isa saye biyu ba. In muka dace, waɗanda za su zo bayanmu su mori abin shekara da shekaru. In muka yi kuskure, a jingine shi a sito, ƙura ta rufe, ƙungiyar kuma ta koma ta masu hira a kan taurarin da ba su taɓa gani ba. Saboda haka muna roƙon ku saurare mu da kunnen basira.

Ga taƙaitaccen ra'ayinmu tun daga farko: abin da ke gani shi ne madubi, abin da ke riƙe shi mazauni, ita kuwa kwamfuta 'yar jagora ce kurum. A wannan jeri ya kamata a kashe kuɗin.

Faɗin baki

Babban aikin na'urar hangen nesa shi ne tara haske, ba ƙara girman abu ba. Kamar mai tarben ruwan sama ne: wanda ya kafa baho ya fi mai kofi samu. Baƙin idon mutum, in ya buɗe iyakar buɗewarsa cikin duhu, bai wuce faɗin milimita 7 ba. Na'ura mai bakin milimita 70 tana tara hasken da ya ninka na ido sau 100. Mai milimita 130 sau 345. Mai milimita 200 kuwa fiye da sau 800. Watau in faɗi ya ninka biyu, haske ya ninka huɗu.

Ƙarin girma kuwa lissafi ne mai sauƙi. Kowace na'ura tana da nisan da haske ke yi kafin ya tattaru wuri guda, haka ma ɗan gilashin da ake sa ido a leƙa. A raba na farko da na biyu. Alal misali, na'ura mai nisan milimita 650, in aka sa mata gilashin leƙe mai milimita 25, za ta ƙara girma sau 26. In aka sa mai milimita 10, sau 65. Amma abin yana da iyaka: ƙarin da ya wuce ninki biyu na faɗin baki a milimita ba ya ƙara komai sai dishi-dishi. Don haka in kun ga kwali mai hoton taurari kala-kala, an rubuta cewa na'ura mai bakin milimita 60 tana ƙara girma sau 500, ku wuce abinku, iyakarta 120. Araha ba ta ado. Mu tuna cewa Galileo, a watan Janairu na 1610, da na'urar da ƙarinta bai fi kamar sau 20 ba ya gano watanni huɗu da ke kewaya Mushtari.

Iri uku ne a kasuwa: mai gilashi a gaba, mai madubi a ƙasan bututu irin wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668, da mai haɗa biyun cikin gajeren bututu rufaffe. Ga wanda aljihunsa bai da nauyi, ta Newton ta fi ba da faɗi a kan kowace naira.

Mazauni

Komai kyan madubi, in ƙafafun da ke ɗauke da shi suna rawa, aikin banza ne, domin ƙarin girma sau 100 yana ƙara girgiza ma sau 100. A nan ne masu ƙera na'urori masu araha suka fi yin ƙwauro.

Mazauni iri biyu ne. Akwai mai juyawa sama da ƙasa, dama da hagu. Akwai kuma wanda ake karkata shi ya fuskanci tauraron arewa. Shi wannan tauraro, tsayinsa daga doron ƙasa daidai yake da nisan garin mutum daga layin da ya raba duniya biyu. A Zariya digiri 11 ne, a Kano 12, a Sakkwato 13. Ke nan a wurinmu yana can ƙasa-ƙasa, inda gini ko itace ko hazo kan rufe shi, kuma da yawa daga ƙananan mazaunan irin na biyu ba a yi su don su sunkuya haka ba. Na farkon ya fi dacewa da mu. Mafi sauƙinsa shi ne wanda John Dobson ya yayata a San Faransisko ta Amurka tun shekarun 1960: akwatin katako ne mai juyawa, ba ya rawa, ba ya tsada.

Aikin kwamfuta

Abu biyu kwamfuta ke yi wa mai kallon sama: nemowa da bi. Nemowa kowa ya san amfaninta, musamman cikin gari inda hasken lantarki ya dushe ƙananan taurarin da ake bin sawu da su. Bi kuwa ya fi muhimmanci ga ƙungiya irin tamu. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, watau digiri 1 cikin minti 4. A ƙarin girma sau 100, abin da aka saita yakan ratsa gilashi ya fice cikin kamar minti biyu. In mutum talatin sun yi layi, kuma babu injin da ke bin tauraron, to rabin dare zai ƙare wajen sake saiti.

Tun da kamfanin Meade ya fito da LX200 a 1992, irin waɗannan na'urori suka yi ta yawaita, farashinsu yana sauka. A yau kashi uku ne.

Kashi na farko su ne masu injuna, waɗanda ake kira GoTo. A zaɓi sunan abu a rimot ko a waya, na'ura ta juya da kanta, ta kama shi, ta yi ta binsa. Misalinsu Celestron NexStar 130SLT, da Sky-Watcher Virtuoso GTi 150P. Rauninsu wuta: ta farkon batir takwas 'yan ƙanana take ci, kuma ba su daɗewa.

Kashi na biyu babu inji. Ana ɗora wayar hannu a jikin bututu, kyamararta ta ɗauki hoton sama, ta gane inda aka fuskanta, sa'an nan ta nuna kibiya, mutum ya tura da hannunsa. Haka StarSense Explorer na Celestron, wanda ya fito a 2020, yake aiki. Ba ya bukatar wuta sai cajin waya, kuɗin inji kuma sun tafi ga faɗin madubi, amma ba ya bin tauraro, kuma ba kowace waya ke yi ba.

Kashi na uku ba su da wurin sa ido ko kaɗan. Kyamara ce a ciki, tana ɗaukar hotuna da yawa tana haɗa su, ana kallo a fuskar waya. ZWO Seestar S50, mai bakin milimita 50, wadda ta fito a 2023, ita ce ta fi shahara. Tana fito da launin gizagizan sararin samaniya da garken taurari masu nisa fiye da yadda ido zai gani, amma Mushtari da Zuhal sukan fito 'yan mitsi-mitsi. Bayan haka, wanda ya tako daga ɗakin kwanansa cikin sanyi ba don ya kalli waya ya zo ba.

Kada yawan sunayen da ke cikin rimot ya ruɗe mu. Wasu sukan yi tallar abubuwa 40,000, alhali ƙaramin madubi cikin gari ba zai nuna ko kashi ɗaya bisa goma ba. Jerin Charles Messier abubuwa 110 ne kacal, kuma ya ishe mu aikin shekara guda cur.

Har ila yau, kwamfuta ba ta san inda take ba sai an gaya mata. Sai an ba ta kwanan wata, da lokaci, da matsayin gari, sa'an nan a saita ta a kan manyan taurari biyu ko uku. A nan akan yi tuntuɓe: yawancin rimot irin rubutun Amurka suke bi, wata kafin rana, lokacinmu sa'a ɗaya ne gaba da na Girinwic, ba ma kuma canza agogo da bazara, kuma mu a gabas muke da layin Girinwic, ba yamma ba. Wasu na'urorin sukan ce a nuna musu tauraro kaza da sunansa. Abin daɗi shi ne sunayen da yawa ba baƙinmu ba ne, daga Larabci suka fito: Aldebaran, Rigel, Altair, Deneb. Wanda ya san Zara da Gamzaki, ya san kaza da 'ya'yanta, ya riga ya fara karatun. Sai dai ya ƙara. Na'urar da ta dogara ga mutum ɗaya da ya iya saita ta, ranar da ya gama jami'a ita ma ta gama aiki.

Yanayin ƙasarmu

Waɗanda suka ƙera waɗannan kaya raɓa da sanyi suka fi tunani. Mu kuwa ƙura da zafi da ɗaukewar wuta ne abokan zamanmu. Da hunturu, ƙura takan kwanta a kan madubin da bututunsa ke buɗe. Kada a goge shi da tsumma ko gefen riga, domin fentin alminiyon da ke fuskarsa siriri ne ƙwarai, ƙura kaɗan kuwa ba ta hana gani kamar yadda ƙarzuwa ke hanawa. Magani shi ne murfi da jaka da akwati, waɗanda tela da kafinta za su yi mana a nan gida. Game da wuta, yawancin masu injuna bolt 12 suke sha, saboda haka batir mai caji irin na babur zai riƙe su dare guda. Sai dai a sami mai gyaran lantarki ya haɗa wayar, don in aka juya ta, allon cikin na iya ƙonewa, kayan gyaransa kuwa sai an yi oda daga waje.

Wannan ne ya sa muka kafa wa kanmu tambaya guda: in wuta ta ƙare ko kwamfuta ta lalace, na'urar za ta ci gaba da amfani? Wasu masu injuna, in babu wuta, ba su juyuwa da hannu yadda ya kamata. Wasu kuwa ana kwance musu ƙulli a juya su, har ma kwamfutar ba ta manta inda take ba.

Kuɗi

A kasuwannin Amurka, cikin 2023 da 2024, yawancin na'urorin da muka ambata suna tsakanin dala 400 da 700. Wannan farashin kanti ne. Kafin kaya su iso hannunmu akwai kuɗin jirgi, da na kwastan, da hawa da saukar canji. Shawararmu ita ce kada kuɗin na'ura da kawo ta su wuce kashi uku bisa huɗu na abin da ke asusu. Ragowar a sayi batir da abin cajinsa, da gilashin leƙe guda mai kyau, da ɗan abin daidaita madubai, domin ta Newton takan goce in ta sha jijjiga a hanya. Ta hannu ma ba laifi, muddin an gwada ta da dare a kan tauraro kafin a biya. Ban da cinikin biri a sama.

Shawarar kwamiti

Bisa ga waɗannan dalilai, muna ba da shawarar a sayi na'ura irin ta Newton, mai bakin milimita 130 zuwa 150, a kan mazauni mai juyawa sama da ƙasa, mai injin bi, wadda kuma ake iya juyawa da hannu. Cikin waɗanda muka duba, Virtuoso GTi 150P ta cika waɗannan sharuɗɗa, ko da yake tana bukatar ƙaƙƙarfan teburi, da rigar baƙin yadi da za a ɗinka wa buɗaɗɗen bututunta. In kuɗi ba su kai ba, gara mu sayi ta Dobson mai milimita 150 ko 200, mu nemi taurari da manhajar Stellarium wadda kyauta ce, da mu sayi ƙaramin madubi saboda kwaɗayin injin da ke ƙarƙashinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wajibi ne kuma mu faɗa wa juna gaskiyar abin da za a gani, kada wani ya zo da tsammanin hotunan Hubble ko James Webb. Za mu ga ramukan wata da duwatsunsa ƙarara. Za mu ga Mushtari da ratsin jikinsa da watanninsa huɗu. Za mu ga zoben Zuhal, wanda ya juyo mana da gefensa a watan Maris na 2025, zai kuma yi ta buɗewa har wajen 2032. Garken taurarin Andromeda kuwa ɗan hayaƙi-hayaƙi zai bayyana, amma hasken nan da zai shiga idonmu ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi. Bugu da ƙari, kusancinmu da tsakiyar duniya ya ba mu abin da mutanen Ingila ba su da shi: Suhailu da dunƙulen taurarin Omega Centauri suna fitowa a sararinmu ta kudu.

Daga ƙarshe muna neman taron nan ya amince da ƙa'idoji uku tun kafin kaya su iso. Na ɗaya, a koya wa aƙalla mutum biyar saiti, daga azuzuwa daban-daban, kowace shekara kuma a ƙara sababbi. Na biyu, a buɗe littafin da za a riƙa rubuta wanda ya ɗauka, da ranar da ya mayar, da abin da aka gani. Na uku, kuma mafi girma, kada kowa ya kuskura ya fuskantar da na'urar ga rana ba tare da matacin da aka yi musamman don haka a bakinta ba, kuma kada a bar ta a waje da rana inda yara ke wasa. Ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta makantar da mutum har abada.

Iyakar abin da bincikenmu ya kai ke nan. Kuɗin naku ne, hukunci kuma naku ne. Muna roƙon shugaba ya ba da dama ga masu tambaya ko gyara kafin a ɗaga hannu.