Dokar Shigo da Mota da Buhun Geronka

Wani zai ce, ina ruwan manomi da dokar shigo da mota? To, ku saurara.

Ran 1 ga Janairu 1917 ba mu da wannan magana, amma ran 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyaka, sai ta tashar jirgin ruwa. Dillalan da ke sayo na hannu daga Kwatano suka koma Ikko. Ga kuɗin kwastan, ga jiran takardu, mota tana kwana kuɗin ajiya yana hawa. Dillali kuwa ba ya cin hasara: ya ɗora wa direba, direba ya ɗora wa buhun geronka ran kasuwa. Mai sayen motar tsere ko a jikinsa!

Jam'iyyarmu ta ce a raba harajin motar haya da na motar ƙawa. Ran zaɓe ku ba mu ƙuri'arku.