Gaɗa Ita Ce Ajin Farko: Jawabi Kan Ƙananan Yaran Kura da Bunkure



Abin da ya tara mu a yau shi ne zancen yaran da ba su kai shekara 6 ba, da kuma irin amfanin da rawa da wasan motsa jiki ke yi musu kafin su shiga firamare. Mun zaɓi ƙasar Kura da Bunkure ne domin a can ne zaman manomi ya sake kama ƙwarai cikin shekaru 50 da suka shige, kuma duk abin da ya taɓa zaman iyaye, lalle ne ya taɓa tarbiyyar 'ya'yansu.

An gama gina Dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi zuwa Kadawa da kewayenta. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Tun daga nan manomin Kura da Bunkure da Garun Malam ya sami shinkafa da damina, ya sami alkama da tumatir da albasa da rani. Wannan arziki ne babba, ba mai musun haka. Amma akwai wani abin da ba a sa cikin lissafi ba. A da, in an kai amfani gida, rani lokacin hutu ne, lokacin bukukuwa da wasan dandali a farin wata. Yanzu kuwa rani ya zama damina ta biyu. Yayye suna gona, ko wajen tsinkar tumatir, ko shanyar shinkafa, ko talla, alhali kuwa su ne malaman ƙannensu a dandali.

To, me yaro ke koya a dandalin? Mu ɗauki gaɗa. 'Yan mata sukan yi da'ira suna tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka, sa'an nan ta faɗo da baya, 'yan'uwanta su tare ta su cilla ta. Yarinya 'yar shekara 4 da ke gefe tana kwaikwayo ta koyi daidaita tafi da takun ƙafa, watau kunne da hannu da ƙafa su yi aiki tare. Ta koyi jiran layinta. Ta koyi amshi, wanda ke saki harshe ya kuma ƙarfafa hadda. Ranar da ta yarda ta faɗa da baya kuwa, ta koyi amincewa da mutane, su kuma sun koyi riƙon amana. Haka langa ke koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya ba tangaɗi, carafke kuma ya horar da yatsun da gobe za su riƙe fensir, tare da ƙirgen tsakuwa.

Masana ilmi na wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar ƙananan yara ya raɗa mata suna a 1840, bisa waƙa da wasan da'ira ya gina ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 na motsa jiki kowace rana. A nan gida ma, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da ilmin share fagen firamare, ta ce a koyar ta hanyar wasa da harshen uwa, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta shigar da shi cikin abin da gwamnati za ta kula da shi.

Sai dai kash, a azuzuwan share fage da yawa, yaro kan wuni zaune yana maimaita baƙaƙen Turanci da bai san ma'anarsu ba, in ya motsa a daka masa tsawa. An raba shi da dandali, ba a kuwa ba shi madadinsa ba. In aka tashi, filin wasan da ya rage masa shi ne bakin hanyar ruwa, inda tsargiya da haɗarin nutsewa ke jiransa.

Mun san akwai iyayen da kalmar rawa kaɗai takan tayar musu da hankali, kuma damuwarsu abin saurare ce. Amsarmu ita ce, abin da muke nema ba ya bukatar makaɗi ko cakuɗar maza da mata. Tafi ne da taku da amshi, da rana tsaka, a harabar makaranta, gaban malama, da waƙoƙin da aka tace, irin waɗanda kakanninmu mata suka tashi da su ba wanda ya zarge su.

Saboda haka muna kira da abu 3. Na ɗaya, hukumomin ilmi na Kura da Bunkure su ware lokaci kowace safiya domin wasan motsa jiki a ajin share fage; wannan ba ya cin ko kwabo, inuwar itace ta isa. Na biyu, kwalejojin horon malamai su koyar da waɗannan wasanni a matsayin darasi, malama ta san wace gaɓa da wace basira kowane wasa ke ginawa. Na uku kuwa namu ne, mu ɗalibai: in mun je hutu, mu zauna da tsofaffi mata mu rubuta wasannin da yadda ake yin su, tun masu saninsu suna raye, mu miƙa wa sassan Hausa da na ilmi. Ku kuma ma'aikata matasa, takardun da ke bi ta teburinku su ne za su zama doka gobe, kada ku bari a shafe wasa daga jadawali.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙasar da ta iya jawo ruwa daga Tiga ta raya alkama a tsakiyar rani ba za ta kasa raya 'ya'yan masu alkamar ba.