Daga Kabarin Kisiljevo Zuwa Ƙanƙarar Maita: Wa Ake Zargi Idan Mutuwa Ta Yi Yawa?



A shekarar 1725, a wani ƙauye mai suna Kisiljevo da ke bakin kogin Danub a ƙasar Sabiya, mutum tara suka mutu cikin kwana takwas. An ce kafin su cika sun faɗi cewa wani manomi, Petar Blagojevic, wanda aka binne makonni goma da suka wuce, shi ke zuwa da dare yana shaƙe su. Mutanen ƙauyen suka ce wa jami'in gwamnatin Ostiriya, Frombald, ko a tone kabarin ko su yi ƙaura. Da aka tone, sai ga gawa ba ta ruɓe ba, gemu kamar ya tofo, ga jini a baki. Suka soka mata itace mai tsini a ƙirji, suka ƙone ta ƙurmus. Wata jaridar birnin Biyena ta buga rahoton, kuma ta irin wannan hanya kalmar Sabiyawa ta "vampir", wato mamaci mai shan jinin masu rai, ta shiga bakin Turawan Yamma.

A 1732 likitan soja Johann Flückinger ya rubuta makamancin wannan rahoto daga ƙauyen Medveja, malaman jami'o'in Jamus suka yi ta muhawara a kansa. Sai a 1755 Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta hana tone kaburbura, bayan likitanta Gerard van Swieten ya bayyana cewa abin da ake gani halin gawa ne kawai.

Mutanen ƙauyen ba ƙarya suka yi ba, fassarar ce ta kuskure musu. Masani Paul Barber ya yi bayanin haka a littafinsa na 1988. Iskar da ke taruwa a cikin gawa tana kumbura ta har ta yi kamar ta ƙoshi, ta kuma turo ruwa mai jini ta baki da hanci. Fata na janyewa, sai farce da gemu su yi kamar sun ƙara tsawo. Sanyin ƙasa kuwa yana jinkirta ruɓewa.

Ko a Amurka an yi. A 1892, a garin Exeter na jihar Rhode Island, tarin fuka ya kashe wata budurwa 'yar shekara 19, Mercy Brown, bayan ya kashe uwarta da yayarta. Da ɗan'uwanta Edwin ya kwanta, sai maƙwabta suka tone ta, suka ƙone zuciyarta, suka jiƙa masa tokar ya sha. Wata biyu bayan haka ya rasu. A lokacin shekara goma ke nan da Robert Koch ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar. Attajirin nan mai baƙin alkyabba da ake gani a fina-finai daga littafin Dracula na Bram Stoker na 1897 ya fito. Wanda talakawa suka ji tsoro kuwa maƙwabcinsu ne, ko 'yar gidansu.

Haka zancen rikiɗa yake. Kowace al'umma takan zaɓi dabbar da ke hana ta barci. A Turai kyarkeci ne: a 1589, a garin Bedburg na Jamus, an gana wa Peter Stumpp azaba har ya amsa cewa yana da wata ɗamara da ke mayar da shi kyarkeci, aka kashe shi. A nan Afirka kuwa kura ce, mai yawon dare, mai tone kabari, mai kuka kamar dariyar mutum. A Habasha ana jingina wa maƙera zama "buda", masu rikiɗa kura, a Borno kuma akwai labarin "bultungin". Tatsuniyar Hausa ma ta san da haka, don kowane yaro ya ji labarin budurwar da ta ƙi duk manemin da ke da tabo, ta auri kyakkyawan baƙo, sai a tsakiyar daji ya rikiɗe.

Abin da ya fi kusa da mai shan jini a ƙasar Hausa shi ne maye. Shi kurwa aka ce yana kamawa, da ƙanƙarar da ke cikinsa, wadda ko ya gada ko ya saya. Shi ya sa mai jin tsoro kan ce, "Kurwata kur!" Yadda zargin ke farawa sananne ne: yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya shiga sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa. Nan da nan a taru a ƙofar gidanta, a ce lallai ta zo ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. Alhali zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo sambatu da fizge-fizge, haka ma sanƙarau.

A nan bambancin yake, kuma mai nauyi ne. A Kisiljevo da Exeter gawa aka hukunta. A nan kuwa wadda ake zargi tana da rai, yawanci tsohuwa ce ko bazawara marar mai tsaya mata. Ko ta tsira daga duka, an daina sayen ƙosanta, an daina neman auren 'ya'yanta, tabon ya bi jikoki.

Malawi ta nuna inda abin kan kai. A watannin Satumba da Oktoba na 2017, jita-jitar "anamapopa", masu zuƙe jinin mutane, ta bazu a kudancin ƙasar. Gungun matasa suka tare hanyoyi, aka kashe aƙalla mutum takwas, Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga gundumomin Mulanje da Phalombe. Masaniyar tarihi Luise White ta nuna a littafinta na 2000 cewa tun zamanin mulkin mallaka ake irin wannan zance a Gabashin Afirka, inda a Nairobi aka yi ta cewa 'yan kwana-kwana, "wazimamoto", suna kama mutane su ɗebe musu jini. Jama'ar da ake tatsar guminta ta sami hanyar faɗin abin da ke damunta.

Dokokin hukunta laifuka na Nijeriya sun mayar da jifan mutum da maita laifi, kuma a watan Yuli na 2021 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri kan cutar da mutane bisa wannan zargi. Aikin da ya rage namu ne. Ɗaliban adabi su je ƙauyuka su naɗi waɗannan labarai daga bakin tsofaffi kafin su ƙare. Masu unguwanni da limamai kuma, idan yaro ya ambaci suna cikin zazzaɓi, su sa a fara kai shi asibitin sha-ka-tafi, inda gwajin ɗigon jini ɗaya ke nuna zazzaɓin cizon sauro cikin kamar minti 20.