A Auna Ƙafa Kafin a Biya Kuɗin Kambas



An ce mu yi magana a madadin matan da ke fita motsa jiki da safe. Kun dai san mafarin abin. Bara da aka zo aka auna mu, da yawanmu aka ce jininmu ya hau, wasu kuma suga. Ma'aikaciyar lafiya ta ce zaman rumfa tun safe har magariba yana cutar da mu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato minti 30, sau biyar. Sai muka shawarci mazajenmu, muka fara zagaya filin makarantar unguwa bayan asuba, da hijabanmu, tafiya da sauri, can kuma 'yar sassarfa.

Da silifas muka fara, santsi ya kusa kayar da mu. Muka ruga wurin 'yan gwanjo muka kwaso kambas. Wata ta aiki ɗanta, wata ta ari na mijinta, wata ta zaɓa don launin ya dace da atamfarta. Abin kunya, wallahi! Mu da ba ma sayar da gero sai da mudu, ba ma yanka yadi sai an gwada, mu ne muka sayi takalmi da ido. Kafin mako biyu, ga bororo a diddige, ga farcen babban yatsa ya yi baƙi, ga gwiwa tana ciwo. Wasu suka daina fitowa. Wata 'yar'uwarmu mai ciwon suga, takalmin ya goge mata yatsa ba ta ji ba, sai da gyambon ya kai ta asibiti. Alhamdu lillahi ta warke, amma ta rufe rumfarta kwanaki.

To, ga abin da wahala ta koya mana.

A je sayen takalmi da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar yini. Wanda ya yi daidai da safe, matsewa zai yi in an fara gudu. A tafi da safar da za a riƙa sawa. A gwada ƙafa biyun a tsaye, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya, kuma babbar ake bi. Kada a ce ai lamba 38 muke sawa tun muna 'yammata. Haihuwa da ƙiba da shekaru suna buɗe ƙafa.

In an ɗaure igiya, a danna gaban takalmin. Tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu. Yatsu su iya motsi, diddige kuma kada ya riƙa fita. A taka, a ɗan yi sassarfa a gaban mai kayan, ba kunya, kuɗinmu ne. In ya ce, "Hajiya, zai buɗe," mu ma 'yan kasuwa ne, mun san wannan zancen.

In na gwanjo ne, a kifa shi a duba ƙasansa. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya, tafiyar wani ya koya, a bar shi. A sa hannu ciki a shafa, ko akwai ɗinki mai kaifi.

Nan ma ajin yaƙi da jahilci ya yi mana rana. A ƙarƙashin harshen takalmi akwai 'yar takarda mai lambobi: ta Turai daban, ta Ingila daban, ta Amurka daban. Da, sai abin da mai kaya ya faɗa. Yanzu da kanmu muke karantawa. Wadda kuma ba ta fita kasuwa, ta taka kwali a zana ƙafarta a tsaye, a yanke, a tafi da shi. A yi sharaɗi da mai kaya za a dawo da shi in bai yi ba.

Masu suga, don Allah, ku riƙa duba ƙafafunku kullum bayan an dawo, har tsakanin yatsu.

Roƙonmu ga shugabanni, a buɗe mana ɗan adashen takalmi, don kada rashin kuɗi ya sa wata ta sake ɗaukar abin da zai ji mata ciwo. Waɗanda suka daina fitowa kuma, muna jiran ku ranar Asabar bayan asuba.

Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.